Langar Mai Daddawa

Malam ya yi shekaru yana alƙalanci a Kotun Ƙoli, kuma da ya rasu kowa ya faɗi abu ɗaya a kansa, cewa bai taɓa cin ko ƙwayar goron mai ƙara ba. A iya saninsa gaskiya ne. Ni ce matarsa, ni na dafa duk abin da ya ci fiye da shekara hamsin, saboda haka na fi kowa sanin abin da ya shiga cikinsa. Sau ɗaya tak ya ci abin mai ƙara, ni na ba shi da hannuna, kuma har ya koma ga Allah bai sani ba.

Abin ya faru muna Makera, ƙetaren kogin Kaduna, 'yan shekaru kafin Turawa su tafi. A lokacin Malam bai zama alƙali ba, ko lauya bai zama ba. Akawu ne kuma tafinta a kotun majistare da ke tsallaken gada, yana zuwa a kan keke. Ɗaki biyu muka kama haya a gidan wani Alhaji mai sayar da fata, kusa da tashar jirgi. In jirgin Kudu ya shigo sai kwanukana su kama kaɗawa a kan kanta, in na yi shanya kuma hayaƙin kwal ya mayar mini da farin kaya ruwan toka. Na yi mita har na gaji, Malam ya ce nan ne kuɗin hayarsa ya kai.

A makon da aka kawo ni, lokacin da sauran amare ke jin daɗaɗan maganganu, ni doka aka karanta mini. Ya zaunar da ni a bakin gado, ya tsaya yana bayani kamar ina cikin akwatin masu laifi. Ya ce Baturen da yake wa aiki ba ya jin Hausa sai ta gaisuwa, don haka mutane sun ɗauka shari'a a bakin tafinta take, abin da ya juya shi ne hukunci. Ya ce za su zo, kuma ba wurinsa za su zo ba, wurina za su biyo. Duk wanda ke da magana a kotu, shi ko danginsa, kada in karɓi komai daga hannunsa, ko da allura ce.

Na ce to, amma a raina dariya nake yi. Ni 'yar Zariya ce, a gidanmu baƙo ba ya shiga hannu sake, kuma mayar wa mutum da kyauta cin fuska ne da sai an yi sasanci. Maƙwabciya ta aiko da kwano, a juye, a sa wani abu a ciki a mayar, haka na tashi na gani. Shi kuwa Malam a kan hanya dattijo zai miƙo masa goro, sai ya fara tambayarsa ko yana da ƙara. Mutanen unguwa suka sa masa Baturen Makera, ni ma in mun yi faɗa haka nake kiransa a ciki.

Daminar shekara ta biyu sai ga labari mai daɗi. Gwamnati za ta tura wasu samarin Arewa Ingila karatun lauya, kuma majistare ya sa sunan Malam. Dama ya daɗe yana karatu ta gidan waya, kullum bayan sallar asuba yana kan tebur da wasu littattafai masu kauri da nake dannar gugarsa da su in ba ya nan. Baturen ya gaya masa ƙarara cewa tafintan da Malam ya gada karɓar gaisuwar masu ƙara ce ta kore shi, kuma magana ɗaya irin wannan ta isa a goge sunansa. Duk wannan na sani, Malam bai ɓoye mini komai ba.

Akwai wata tsohuwa da nake sayen daddawa a wurinta. Mutuniyar Kakau ce, tana zaune a bayan tasha tare da ɗanta, wani jibgegen mutum mai i'ina da ke dako a kantin wani Kwara, irin Larabawan nan 'yan kasuwa. Daddawarta ta fi ta kowa, tana kuma yi mini gyara, tana ce mini amaryar akawu. Wata rana da hantsi, an ɗauke ruwa ke nan, Malam ya daɗe da fita, sai na ji sallamarta. Babu faifan talla a kanta. Zabuwa ce a hannunta an ɗaure mata ƙafafu, a ɗaya hannun kuma wata langa fara mai shuɗin baki, murfinta ya ɗan ɓantare.

Ta durƙusa a ƙofar ɗakina, matar da ta yi jika da ni. Ta ce an kama ɗanta, bandir ɗin yadin akoko ya ɓata a kanti an ce shi ne, kuma da yake mai kantin Kwara ne, gaban Bature za a kai shi ranar Alhamis. Ba ta ce a sake shi ba. Abin da ta roƙa kawai, Malam ya yi haƙuri da i'inarsa, ya bari ya gama magana, ya juya wa Bature da kyau. Sannan ta buɗe langar, ƙwan zabi ne cike har baki.

Ba zan ce ban gane ba. Na gane sarai, tun kafin ta buɗe baki na san abin da Malam ya hana ke nan. Amma ina da ciki wata biyar, cikin fari, kuma na yi fiye da mako ina kwaɗayin ƙwan zabi har ina mafarkinsa, kunya ta hana ni gaya wa Malam. Akwai kuma wani abu da ya fi kwaɗayin muni, wanda na daɗe ban yarda da shi ba ko a raina. Tunda nake, babba bai taɓa durƙusa mini ba, kuma ya yi mini daɗi. Na ce mata Allah ya sa a dace, hannuna ya miƙa ya karɓa. Ta ce in bar langar tukuna, cikin kayan jerenta ce, ita kaɗai ta rage mata, za ta biyo ta ɗauka.

Tana fita matsala ta farko ta taso, zabuwa sai namiji ya yanka. Na yafa mayafi na kai wa Alhaji mai gidanmu. Yana wasa wuƙa ya tambaye ni daga ina, na ce Innata ce ta aiko daga Zariya ta hannun wani mai aikin jirgi. Ƙaryar ta fito sumul, ko gezau ban yi ba, har ni kaina na yi mamaki. Na yi farfesu da yaji da kanumfari, na sa daddawar matar a ciki. Da Malam ya dawo na maimaita masa maganar Inna. Ya ci, ya tsotse ƙashi, ya ce rabonsa da nama mai daɗi haka tun bikinmu, kuma lallai a rubuta wa Inna godiya. Na ce ni zan aika. Ƙwan kuwa ni kaɗai na cinye cikin kwana uku, in dafa in ci a tsaye, in binne ɓawon a bayan murhu. Langar na wanke na tura ta ƙasan akwatin kayana.

Maganar ɗanta ban taɓa tayar wa Malam da ita ba. Ta ina zan fara? In na ce mai daddawa ta zo, tambaya ta gaba ita ce me ta kawo. Na lallashi kaina da cewa ai abin da ta roƙa shi ne abin da Malam yake yi wa kowa dama, saboda haka ba a cuce ta ba.

Ranar Alhamis aka yi shari'a. Abin da ya faru a can daga bakin Malam na ji, na kuma ji daga bakin matan unguwa, labarin bai bambanta ba. Ya jira mai i'ina ya gama kowace magana, ya juya ta yadda take. Amma shaidu biyu sun ce sun gan shi da bandir, Bature ya ɗaure shi wata shida. Ko ya ɗauka ko bai ɗauka ba, har yau ban sani ba.

Da aka tashi, Malam ya je ɗaukar kekensa a gindin mangwaro, sai tsohuwar ta tare shi a gaban jama'a. Ba faɗa ta zo yi ba. Ta ce ta ga ya yi iya ƙoƙarinsa, abin da Allah ya rubuta ne, zabuwa da ƙwai kuma ta bar masa halal. Langarta kawai take so a mayar mata. Malam ya ce wace langa. Ta ce wadda ta kai gidansa ranar Litinin. Mutane suka fara taruwa, murya ta tashi, har majistare ya fito baranda ya tambayi abin da ke faruwa.

Babu wani tafinta a wurin sai Malam. Shi ya tsaya ya juya wa Bature ƙarar da ake yi a kansa, kalma bayan kalma, zabuwa, ƙwai, langa, ranar Litinin, bai rage komai ba. Irin mutumin da na aura ke nan. Bature ya ce ya je ya tambayi gidansa, gobe ya kawo masa amsa.

Kafin la'asar na ji ƙarar keke, ba lokacin dawowarsa ba. Ya shigo ko takalmi bai cire ba, abin da bai taɓa yi ba. Ina tankaɗe, na bar rariya a hannuna don in sami abin riƙewa. Ya gaya mini duk abin da ya faru a taƙaice, sannan ya ce, "Wani abu ya shigo gidan nan daga hannun mai daddawa?"

Akwatin yana bayansa, ko taku biyu babu. Na tuna Ingila da littattafan nan masu kauri. Na tuna kuma yadda za a sa ni a jirgi a mayar da ni Zariya da ciki, Babana ya tambaye ni dalili in ce ƙwai. Wannan na biyun ya fi tsorata ni, kada in yi wa kaina ado.

Na ce, "A'a."

Ya ce, "Zabuwar ran nan fa?"

Na ce, "Ai na gaya maka, Inna ce ta aiko."

Ya dube ni. Da ya ce in rantse da na rushe da kuka na faɗi gaskiya, na tabbata. Bai ce ba. Ya sauke ajiyar zuciya, ya zauna ya kwance takalminsa, ya ce, "Shi ke nan. Ki yi haƙuri da na tambaye ki."

Washegari ya je ya gaya wa Bature cewa babu abin da ya shiga gidansa, ya faɗa da ƙarfin zuciyar mai gaskiya, kuma aka yarda. A unguwa kuwa Alhaji mai gidanmu ya ƙarasa aikin ba da saninsa ba. Duk inda ya zauna sai ya ce shi ya yanka zabuwar da hannunsa, daga Zariya ta zo, yarinyar nan ta gaya masa tun kafin a yi shari'a. Wa zai ƙaryata Alhaji? Mai unguwa ya kira tsohuwar ya ja mata kunne a gaban mutane. Bature ya tambayi Malam ko yana so a tuhume ta da ɓata suna, ya ce a bar ta, uwa ce da baƙin ciki ya juya wa kai. Aka yi ta yabon haƙurinsa.

Matan Makera suka daina sayen daddawarta. In ta yi sallama sai a ce akwai, in ta juya a bi ta da maganar mai ƙagen langa. Matan gidanmu suka riƙa zuwa yi mini jaje, ina karɓa, har ina cewa Allah ya shirye ta. Sau ɗaya muka haɗu a bakin famfo. Ta tsaya ta dube ni, ta dubi cikina. Ni na fara kawar da kai. Ta iya tona ni a wurin, ta ce a je a buɗe kayana, amma ba ta yi ba, kuma ina jin cikin ta duba. Kafin kaka ta tattara ta koma Kakau.

Na haifi mace, Malam ya sami tafiyarsa. Na raka shi tasha da goyo a baya, jama'ar unguwa cike da dandamali ana yi wa Baturen Makera addu'a. Da jirgin ya ɓace na ji wani sauƙi da na ji kunyarsa, domin yanzu zan iya fito da langar ba mai ganina.

Sai da yarinyar ta fara rarrafe na yi ƙarfin hali. Na ce wa matan gida zan je dubiya, na hau jirgin safe na sauka a Kakau. Langa ba ta komawa wofi, don haka na cika ta da shinkafa, na ɗora sukari mai iyali a kai, na ɗaure da sabon ɗankwali. A hanya har ina jin kaina mutuniyar kirki. Ban sha wuyar neman gidan ba, warin kalwa ya kai ni. Na same ta tana wanke dafaffiyar kalwa a tsakar gida, ta rame, ɗanta yana gefe yana gyaran fartanya. Ya dube ni sau ɗaya ya tashi ya fita.

Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta karɓi yarinyar ta yi mata wasa, ta ce goshin ubanta ne sak. Na tura mata ƙunshin. Ta kwance, ta shafa murfin daidai inda ya ɓantare, ta buɗe ta ga shinkafa ta rufe.

Ta ce, "Malam ne ya aiko ki?"

Na ce yana Ingila.

Ta ce, "Ya sani?"

Na sunkuyar da kai. Ta mayar da ɗankwalin ta ɗaure yadda na ɗaure, ta turo mini gabana.

Ta ce, "To koma da ita, 'yata. A gaban mutane mijinki ya ce ni maƙaryaciya ce, kuma ba laifinsa ba ne. Ranar da ya sani, shi ya aiko mini da ita, ko babu komai a ciki. Ina nan."

Na ce mata in ya dawo zan gaya masa, kuma a lokacin da gaske nake. Ta raka ni har bakin hanya, ta sa mini daddawa a gefen zane ta ce ta mai jego ce. Na yi kuka a jirgi har wata Bayarabiya ta tambaye ni wa ya rasu.

Malam ya dawo da takardar lauya. Na ce bari ya huta tukuna. Aka ba shi majistare, kujerar Baturen nan da ya yi wa tafinta, na ce ba yanzu ba, sabon aiki ne. Daga nan babbar kotu, daga nan gaba, muka bar Kaduna, har Kotun Ƙoli. Duk hawan da ya yi sai maganar ta ƙara nauyi a bakina, domin abin da mutane ke girmamawa a wurinsa shi ne daidai abin da zan fasa. Langar ta bi mu kowane gida a ƙasan akwati. Na taɓa aika wani direba Kakau da zane da kuɗi, ya dawo da su ya ce an ce ta rasu da daɗewa, ɗan kuma ya tafi ba a san inda ya nufa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Malam yana son labarin. In sababbin alƙalai suka zo gaishe shi, ba ya barinsu su tafi sai ya ba su labarin mai daddawa. Ya ce musu su shirya, za a yi musu ƙage ko da sun fi kowa tsabta, shi tun yana akawu wata tsohuwa ta so ta hana shi Ingila da ƙaryar langa. Ƙarshen labarin kullum ɗaya ne, ya nuna ni ya ce abin da ya cece shi Allah ya ba shi mace mai amana, kowa ya duba matar da zai aura. Ni kuma ina tsaye da butar shayi ina zuba musu, suna cewa Hajiya Allah ya saka da alheri. Na ji labarin nan ya fi a ƙirga, kuma ban taɓa zubar da ko ɗigon shayi ba.

A ciwonsa na ƙarshe, wata rana bayan azahar, ya sallami 'ya'ya ya ce in zauna kusa da shi. Ya ce ya san shi mutum ne mai tsauri, ya hana ni abubuwa da yawa da sauran mata ke samu, in yafe masa. Na ce na yafe, ni ma ya yafe mini. Ya yi murmushi ya ce ni ban taɓa yi masa komai ba. Na ga dai in ban faɗa yanzu ba babu wani lokaci. Na kama hannunsa.

Na ce, "Malam, mai daddawar nan ta Makera..."

Ya ɗan matse hannuna, idonsa a lumshe. Ya ce, "Kada ki damu kanki. Na yafe mata tuntuni."

Na gyara masa matashin kai. Bayan kwana biyu ya rasu.

Langar tana nan a ɗakina, yanzu na fito da ita na ɗora a kan kanta, tunda babu sauran wanda zan ɓoye wa. Jikokina suna tsokanata wai me Hajiya take yi da tsohon kwano mai ɓantararren murfi. Nakan ce musu ba nawa ba ne, na wata mata ne da ta ce a mayar mata ko babu komai a ciki, ban mayar ba.